Bin sawun kuskure a fayilolin saiti idan shafi ya ƙi tashi

Yawancin masu gina manhajar yanar gizo a Kaduna a kan laftof suke farawa. Ɗalibin Kaduna Polytechnic ko na KASU zai haɗa aikinsa na ƙarshe a XAMPP, manhajar gwada shafi a kan laftof, komai ya tafi sumul, ranar da ya ɗora shi a hostin, wato sabar kamfanin da ke ajiye shafi a intanet, sai ya tarar da shafi fari fat, ko lamba 500. Haka mai riƙe da shafin duba sakamako na wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi ko Barnawa: layi ɗaya ya taɓa da daddare, gari na wayewa iyaye suka dame shi da kira. Ba kasafai laifin yake cikin manhajar kanta ba. Yana cikin ƙananan fayilolin da ke gaya mata inda rumbun bayanai yake, wace kalmar sirri za ta bayar, wace folda za a nuna wa jama'a: `.env`, `wp-config.php`, `.htaccess`, `php.ini`, fayilolin Nginx (manhajar saba da ke miƙa shafi ga baƙi), da na YAML da JSON.

Kuskuren saiti kala uku ne, kuma rabin aikin shi ne gane wanne ka ci karo da shi. Akwai fayil ɗin da rubutunsa ya karye, manhaja ta kasa karanta shi. Akwai wanda ya karantu lafiya amma abin da ke ciki ba daidai ba ne. Sai na ukun, mai cinye dare: fayil ɗin daidai yake, gyaranka daidai yake, amma ba shi sabar ke karantawa ba.

Kafin ka sa hannu

Ɗauki kwafin fayil ɗin tukuna, amma ka lura da inda ka ajiye shi. Idan ka bar `wp-config.php.bak` cikin `public_html`, sabar ba za ta ɗauke shi a matsayin PHP ba, za ta miƙa shi ga duk wanda ya rubuta adireshin, da kalmar sirrin rumbun bayanai a fili. Idan kuma ka bar kwafi cikin `/etc/nginx/sites-enabled/`, Nginx na Ubuntu zai karanta shi tare da na asali, domin duk abin da ke cikin foldar nan yake kwasa ba tare da duba ƙarshen suna ba. Buɗe folda daban a wajen waɗannan wurare:

    mkdir -p ~/ajiya
    cp /etc/nginx/sites-available/makaranta ~/ajiya/makaranta.jiya

Akwai wani tarko da ya shafi yanayin aikinmu. Kana cikin gyara da editan nano ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, sai a ɗauke wuta ko sabis ya yanke. Nano zai ajiye abin da ka rubuta a sabon fayil mai ƙarewa da `.save` a foldar fayil ɗin da kake gyarawa. In foldar `sites-enabled` ce, ka samu fayil na biyu mai rabin gyara, Nginx kuma zai karanta shi. Saboda haka a riƙa gyara a `sites-available`, kuma a buɗe `tmux`, mai riƙe aikinka a buɗe ko layi ya yanke, kafin a fara. In layi ya yanke, `tmux attach` zai mayar da kai inda ka tsaya. Mai ɗora fayil ta FTP shi ma ya duba girman fayil bayan ɗorawa, don yankewar sabis kan bar fayil mai bait sifili.

Bayan haka, kundin kurakurai. Kar ka fara da zato. Buɗe tamina ta biyu ka bar wannan yana gudu, sannan ka sake loda shafin a burauza ka ga layin da zai fito a daidai lokacin:

    sudo tail -f /var/log/nginx/error.log

Na Apache, takwaran Nginx, a Ubuntu yana `/var/log/apache2/error.log`. Na Laravel, tsarin gina manhaja da PHP, yana `storage/logs/laravel.log`. A cPanel, allon gudanar da hostin, akwai Errors a ƙarƙashin Metrics, sannan galibi akwai fayil mai suna `error_log` a foldar da kuskuren ya auku. WordPress ba ya rubuta komai sai ka umarce shi cikin `wp-config.php`:

    define( 'WP_DEBUG', true );
    define( 'WP_DEBUG_LOG', true );
    define( 'WP_DEBUG_DISPLAY', false );

Layukan nan su zo sama da layin da ke cewa "That's all, stop editing!", in ba haka ba ba za su yi aiki ba. Kurakuran za su taru a `wp-content/debug.log`. Layi na uku shi ke hana baƙi ganin su a fuskar shafi. In ka gama, kashe su ka goge kundin.

Lambar da burauza ta nuna ma tana nuna hanya. 500 na nufin buƙata ta isa manhaja ko Apache amma wani abu ya fashe a ciki. 502 na nufin Nginx yana raye, wanda ke bayansa ne, wato PHP ko manhajar, bai amsa ba. 403 izini ne ko folda marar `index`. 404 a kowane shafi ban da na farko kusan kullum dokar karkatar da adireshi ce ba ta aiki. 413 fayil ne ya fi ƙarfin iyakar da aka sa.

Rubutun da ya karye

Wannan ne mafi sauƙi, domin kusan kowace manhaja tana da umarnin gwaji:

    sudo nginx -t
    sudo apache2ctl configtest
    php -l wp-config.php
    python3 -m json.tool package.json
    docker compose config

Ka mayar da shi ɗabi'a: gwaji tukuna, sannan `sudo systemctl reload nginx`. Bambancin `reload` da `restart` ba ƙarami ba ne. Da `reload`, in sabon saitin ya karye, Nginx zai ci gaba da aiki da tsohon. Da `restart` kuwa zai mutu ya kasa tashi, duk shafukan da ke kan sabar su tafi tare.

Lambar layin da gwajin ya bayar a karanta ta da lura. Dubi wannan:

    root /var/www/makaranta/public
    index index.php;

Waƙafi mai ruwa (`;`) ne ya ɓace a ƙarshen layin farko. Nginx zai ci gaba da karatu har ya haɗu da na layi na biyu, ya ce "invalid number of arguments in root directive", ya kuma ba da lambar layi na biyu. Mutum zai ƙura wa layin ido ya ga ba shi da aibu. In aka nuna maka layi mai lafiya, duba na samansa. Haka PHP yake yi idan alamar zance ta buɗe ba ta rufe ba.

JSON ba ya ɗaga ƙafa: babu waƙafi bayan abu na ƙarshe, babu sharhi, alamar zance mai biyu kawai. YAML ya fi shi wayo, don yakan karɓi kuskure ya fassara shi yadda ya ga dama. Maɓallin Tab haramun ne wajen shigar da layi ciki, sarari kawai ake amfani da shi, kuma sarari ɗaya na iya cire abu daga ƙarƙashin uwarsa ya mayar da shi wani wuri. Idan ka rubuta sigar Python `3.10` ba alamar zance, za a ɗauke ta lamba, sifilin ya faɗi, ta koma `3.1`. Manhajojin da ke bin YAML 1.1, irin su PyYAML, suna ɗaukar `no`, `off`, `yes` da `on` a matsayin a'a da e. Su ne kuma ke ɗaukar lambar da ta fara da sifili, in babu 8 ko 9 a cikinta, a matsayin lissafin tushe takwas, su mayar da ita wata lamba daban. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don lambobin wayarmu da sifili suke farawa, haka lambobin asusun banki da yawa. Duk abin da ba lissafi za a yi da shi ba, a sa shi cikin alamar zance.

Sai haruffan da ido ba ya gani. Fayil ɗin da aka rubuta a Windows yana ƙare kowane layi da alamomi biyu, Linux kuma ɗaya yake tsammani. Ragowar ɗayar takan maƙale a ƙarshen layi, shi ya sa fayil ɗin umarni kan ce "bad interpreter" tare da `^M`, kalmar sirrin da aka ɗauko ta `source` kuma ta zo da wutsiya. Wasu editoci suna liƙa bait uku, EF BB BF, da ake kira BOM, a farkon fayil. In suka shiga gaban `<?php` sai WordPress ya ce "headers already sent", shiga shafin gudanarwa ya gagara. Layi marar komai kafin `<?php` ma haka yake yi. Umarni ɗaya ke tona su duka:

    cat -A .env | head

In ka ga `^M$` a ƙarshen layuka, `dos2unix .env` zai share su. In ka ga `M-oM-;M-?` a farkon layin farko, sake ajiye fayil ɗin a UTF-8 marar BOM. VS Code da Notepad++ duk suna da zaɓin. Saitin da aka kwafo daga Word, ko aka buga da madannin waya aka turo, yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance maimakon miƙaƙƙu. A ido kusan ɗaya ne, a wurin PHP ba su da dangantaka. Goge su ka sake bugawa da hannunka.

Fayil ɗin .env

Ya cancanci a tsaya a kansa, don ƙa'idojinsa ba su fito fili ba. Da farko ma, sunansa da ɗigo ya fara, don haka ɓoyayye ne. A File Manager na cPanel sai ka shiga Settings ka kunna Show Hidden Files kafin ka gan shi, shi da `.htaccess`. Mutane da yawa sun zata sun ɗora shi alhali bai bar laftof ba, musamman masu jawo aiki daga Git, inda `.gitignore` ya riga ya ware shi.

Dubi layukan nan biyu:

    APP_NAME=Shafin Sakamako
    DB_PASSWORD=Kd#77tafki

Na farkon zai sa Laravel ya ƙi tashi gaba ɗaya, ya ce "The environment file is invalid", saboda sararin da ke tsakanin kalmomin. Wannan da sauƙi, tunda ya yi ƙara. Na biyun ba zai ce uffan ba. Alamar `#` farkon sharhi ce, don haka abin da zai isa MySQL shi ne `Kd` kawai, ya amsa da "Access denied". Mutum zai gwada kalmar sirrin a phpMyAdmin ta shiga, ya rantse daidai take, kuma gaskiyarsa. Maganin shi ne alamar zance mai ɗaya, wadda ke barin rubutu yadda yake:

    APP_NAME='Shafin Sakamako'
    DB_PASSWORD='Kd#77tafki'

Injin ƙirƙirar kalmar sirri na cPanel yana yawan sa irin waɗannan alamomi, shi ya sa matsalar ba ta ƙarewa. A fayil ɗin Docker Compose kuma alamar `$` ce ke ɓata lissafi, sai an rubuta ta sau biyu, `$$`.

Lambar kuskuren MySQL tana faɗin layin da za a duba. 1045 suna ne ko kalmar sirri. 1049 babu rumbu mai wannan suna. 1044 mai amfanin yana nan amma ba a ba shi izini a kan rumbun ba. A cPanel mataki ne daban, Add User To Database, kuma shi aka fi mantawa. 2002 ba a ma kai ga MySQL ba. A tuna cPanel yakan liƙa sunan asusu a gaban sunan rumbu da na mai amfani: `makaranta` na XAMPP ya zama `asusunka_makaranta`, kuma `root` marar kalmar sirri ba shi da wuri a nan.

Game da 2002: a wurin PHP, `localhost` da `127.0.0.1` ba abu ɗaya ba ne a Linux. Na farko ta fayil ɗin soket yake bi, na biyu ta ƙofa 3306. In ka ga "No such file or directory" tare da 2002, soket ɗin aka nema ba a samu ba, gwada `127.0.0.1`. Cikin Docker duka biyun kuskure ne, don suna nuni ga kwantenar manhajar kanta; abin da ake sawa shi ne sunan hidimar rumbun yadda yake a fayil ɗin Compose, misali `DB_HOST=db`.

Duk abin da ya fito daga `.env` rubutu ne, ba e ko a'a ba. Laravel yana fassara `true` da `false` da kansa, amma Python da Node ba sa yi. Wanda ya rubuta `DEBUG = os.environ.get("DEBUG")` a Django ya kuma sa `DEBUG=False` ya bar shi a kunne, domin duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne a wurin Python. Sai an kwatanta: `os.environ.get("DEBUG") == "True"`. Da zarar ya kashu da gaske kuma, Django zai amsa da 400 har sai an sa domen cikin `ALLOWED_HOSTS`, ya kuma daina ba da fayilolin CSS da kansa. Daga Django 4.0, abin da ke cikin `CSRF_TRUSTED_ORIGINS` dole ya fara da `https://` ko `http://`.

Ka gyara, ba abin da ya sauya

Nan ne ake lalube cikin duhu. Ka'idar ita ce kar ka yarda cewa ana karanta fayil sai ka tabbatar.

A ɗauki misalin shafin neman gurbin karatu inda ake ɗora hoton fasfo da takardun makaranta. Hoton wayar zamani yakan wuce megabait biyu. Iyakoki uku ke gabansa: `client_max_body_size` na Nginx, wanda asalinsa megabait 1 ne, sai `upload_max_filesize` na PHP mai 2M, da `post_max_size` mai 8M. Mai gyara zai buga `php --ini`, ya buɗe fayil ɗin da aka nuna masa, ya ɗaga iyaka, ya gwada, shiru. Dalili kuwa a Ubuntu `php.ini` ba ɗaya ba ne. Na tamina yana `/etc/php/8.3/cli/`, na shafi yana `/etc/php/8.3/fpm/`, ko `/etc/php/8.3/apache2/` ga mai amfani da mod_php. Umarnin `php --ini` na tamina kawai yake nunawa. Don sanin na shafi, ƙirƙiri ɗan fayil mai `<?php phpinfo();`, buɗe shi a burauza, duba Loaded Configuration File, sannan ka goge shi nan take. Bayan gyara sai `sudo systemctl reload php8.3-fpm`, sake loda Nginx kaɗai bai taɓa PHP ba.

Abu biyu a kula da su wajen rubuta girman. `post_max_size` ya ɗara `upload_max_filesize`, tunda fom ɗin gaba ɗaya yake aunawa. Kuma `20M` ake rubutawa, ba `20MB` ba. PHP harafin ƙarshe yake dubawa, bai san `B` ba, sai ya ɗauki iyakar a matsayin bait 20, ba abin da zai ƙara wucewa.

A hostin na haɗaka ba ka da iko da babban `php.ini`. Ana bi ta MultiPHP INI Editor ko Select PHP Version, ya danganta da abin da kamfanin ya tanada, ko ta fayil ɗin `.user.ini`. Shi wannan PHP kan riƙe tsohon abin da ya karanta har daƙiƙa 300, don haka a jira minti biyar kafin a yanke hukunci. Sa `php_value` cikin `.htaccess` yana aiki ne inda ake da mod_php ko LiteSpeed; a Apache mai tafiya da PHP-FPM, 500 zai bayar da "Invalid command".

Shi kansa `.htaccess` akwai gwaji mai sauƙi: rubuta shirme a layin farko, ko da kalmar `gwaji` ce, ka loda shafin. In ya ba da 500, ana karanta shi, sai ka goge shirmen. In shafin ya buɗe lafiya, Apache bai san da zamansa ba, kuma kusan kullum `AllowOverride None` ne, wanda shi ne asali a Apache 2.4. Mayar da shi `All` ga foldar shafin, ka kunna `sudo a2enmod rewrite`, ka sake tayar da Apache. Tsofaffin darussan intanet suna cike da `Order allow,deny` na Apache 2.2, a 2.4 `Require all granted` ko `Require all denied` ake rubutawa, kuma cakuɗa salon biyu kan haifar da abin da ba a nufa ba. Nginx kuwa ba ya karanta `.htaccess` sam. Wanda ya ƙaura daga cPanel zuwa VPS mai Nginx, wato sabar da shi ke gudanarwa da kansa, sai ya sake rubuta dokar:

    location / {
        try_files $uri $uri/ /index.php?$query_string;
    }

Rashin wannan ne ke sa shafin farko ya buɗe, sauran duk 404. Don ganin ainihin abin da Nginx ya haɗa daga dukkan fayiloli, `sudo nginx -T` da babban harafi zai zube shi duka da sunan kowane fayil. In naka ba ya ciki, ba a yi masa mahaɗi zuwa `sites-enabled` ba. In ka ga "conflicting server name", fayiloli biyu ne ke da'awar domen ɗaya, Nginx ya ɗauki na farko ya watsar da ɗayan.

Laravel yana da nasa. Da zarar an buga `php artisan config:cache`, ya tattara saitin ya adana a `bootstrap/cache/config.php`, ba zai ƙara leƙa `.env` ba. Sauya kalmar sirri sau nawa ka ga dama, tsohuwar yake amfani da ita, sai ka buga `php artisan config:clear` ko ka sake `config:cache`. Wanda ba shi da tamina a hostin ɗinsa ya goge fayil ɗin da hannu. Abin ya fi muni ga wanda ya naɗe aikinsa a zip da wannan fayil a ciki: sabar za ta riƙa neman hanyoyin `C:\xampp\htdocs` a Linux. Har ila yau, bayan an adana saitin, duk `env()` da aka kira a wajen foldar `config` fanko zai dawo da shi.

Sauran a taƙaice. PM2, mai gudanar da manhajar Node, yana riƙe tsofaffin ƙimomi sai an ce `pm2 restart manhaja --update-env`. Fayil ɗin systemd in an gyara sai `sudo systemctl daemon-reload`. Ƙimomin da suka fara da `VITE_` ko `NEXT_PUBLIC_` lokacin gini ake dasa su cikin JavaScript, sauya su a saba ba ya komai sai an sake `npm run build`; kuma duk mai burauza zai iya ganinsu, kar a sa sirri a ciki.

Shi 502 bayan sabunta saba labarinsa ɗaya ne. Ubuntu 22.04 da PHP 8.1 yake zuwa, 24.04 da 8.3. Layin `fastcgi_pass` yana nan yana kiran `php8.1-fpm.sock` wanda babu shi kuma. `ls /run/php/` zai nuna sunan da ke akwai. In manhajar Node ce ko Gunicorn, `sudo ss -ltnp` zai nuna ƙofar da take saurare, a gwada da abin da ke `proxy_pass`.

Abin da Windows ya yafe, Linux ba ya yafewa

A Windows `Header.php` da `header.php` fayil ɗaya ne. A Linux biyu ne. Duk "Class not found" ko "failed to open stream" da ya bayyana bayan ɗorawa kawai, fara duba manya da ƙananan haruffa, har da sunayen teburan MySQL. Duba sigar PHP ma: Laravel 11 yana buƙatar 8.2 ko sama, asusun hostin kuma yana iya kasancewa a kan tsohuwa har sai ka zaɓa.

Izini: fayiloli 644, foldoji 755, `.env` da `wp-config.php` 640 ko 600 gwargwadon wanda PHP ke gudu da sunansa. Shawarar `chmod 777` da ake yawan bayarwa kitso da ƙwarƙwata ce; ta buɗe wa kowa ƙofar rubutu, kuma a hostin da yawa ita kanta 500 take jawowa don sabar na ƙin gudanar da fayil ɗin da kowa ke iya sauyawa. Matsalar galibi ta mallaka ce. In Laravel ya kasa rubutu a `storage`:

    sudo chown -R www-data:www-data storage bootstrap/cache

Sau da yawa abin da ya faru shi ne an buga `php artisan` da `sudo`, kundin ranar ya zama mallakin root, shafi ya kasa ƙara komai a ciki. `namei -l` tare da cikakkiyar hanyar fayil zai nuna izinin kowace folda daga tushe, a ga inda aka toshe.

Saiti uku da ba sa ƙara amma suna ɓarna

Na farko haruffanmu. In "ƙasa" ta fito "Æ™asa", "ɗalibi" ya fito "É—alibi", alamar ₦ ta zama "â‚¦", to an rubuta da UTF-8 an karanta da tsarin Turawan yamma. In alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, teburin ko haɗin na latin1 ne, kuma abin da aka riga aka adana a haka ya tafi, sai an sake shigar da shi. Wuri uku dole su yi daidai a `utf8mb4`: teburin, haɗin manhaja da rumbu, wato `DB_CHARSET` a WordPress ko `charset` a `config/database.php`, sai `<meta charset="utf-8">` a kan shafi. A gwada da sunan da ke da ƙ, ɗ da ɓ tun ranar farko, kafin a zuba sunayen ɗalibai dubu.

Na biyu agogo. Sabobi da yawa a UTC suke, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya duk shekara. Kuɗin da aka biya ƙarfe 12:30 na dare zai shiga lissafin jiya, rajistar da aka ce za ta rufe sha biyun dare ta kai ƙarfe ɗaya. Sunan yankinmu `Africa/Lagos` ne, a `date.timezone` na PHP, `timezone` a `config/app.php`, ko `TIME_ZONE` a Django. Sauya shi bayan bayanai sun taru yana cakuɗa tsofaffin lokuta da sababbi, don haka ko dai a yanke tun farko, ko a bar rumbu a UTC a riƙa juyawa wajen nunawa.

Na uku kuɗi. Paystack da kobo yake lissafi: ₦5,000 shi ne 500000. Wanda ya sa 5000 a saiti ya tura haka, naira hamsin zai karɓa. Makullan gwaji da `sk_test_` da `pk_test_` suke farawa, na gaske da `sk_live_` da `pk_live_`, kuma dole biyun su zama jinsi ɗaya.

HTTPS da shafi mai zagaye

ERR_TOO_MANY_REDIRECTS yawanci hannu biyu ne ke tura juna. Fitaccen misali shi ne Cloudflare, mai tsayawa tsakanin baƙo da sabarka, a kan saitin Flexible: baƙo ya zo ta HTTPS, Cloudflare ya je sabarka ta HTTP, sabarka ta ce a koma HTTPS, a sake zagayowa. Sa satifiket a sabar, ka mayar da Cloudflare zuwa Full strict. Wani lokacin `.htaccess` ne ke ƙara `www` alhali `WP_HOME` na cire shi. Kar ka gwada da burauza, don tana riƙe turawar 301, za ta ci gaba da nuna maka tsohon kuskure bayan ka gyara. Yi amfani da wannan, ka bi layukan Location ɗaya bayan ɗaya:

    curl -IL --max-redirs 5 http://domenka.com.ng

Satifiket ɗin HTTPS na Let's Encrypt ba ya wuce kwana 90, kuma wajen sabuntawa yakan nemi foldar `.well-known` ta ƙofa 80. Dokar da ake sawa don kare fayiloli masu ɗigo takan haɗa da ita, a wayi gari burauza na gargaɗin baƙi. A rubuta ta da togiya, a kuma gwada da `sudo certbot renew --dry-run`:

    location ~ /\.(?!well-known).* {
        deny all;
    }

In sirri ya riga ya fita

Buɗe `domenka.com.ng/.env` a burauza yanzu. In ya sauko, tushen shafin ne aka nuna wa foldar aikin gaba ɗaya maimakon `public`. A VPS gyara layin `root` ko `DocumentRoot`. A cPanel ajiye aikin a wajen `public_html`, ka zuba abin da ke cikin `public` kawai a ciki, ka gyara hanyoyin da ke `index.php` su nuna sabon wurin. Injunan da ke yawo a intanet suna neman wannan adireshi dare da rana, kundin shigowar kowace saba zai nuna maka, don haka ka ɗauka an riga an kwafe. Haka in `.env` ya taɓa shiga GitHub. Goge shi bai cire shi daga tarihi ba. Haka in `APP_DEBUG=true` ya kwana a shafin da jama'a ke shiga.

Sauya kalmar sirrin rumbun bayanai, ta imel, da makullan biyan kuɗi daga shafin kamfanin. A WordPress sauya layukan sirri takwas na `wp-config.php`, daga `AUTH_KEY` zuwa `NONCE_SALT`, wanda zai fitar da duk wanda ke ciki ya sake shiga. `APP_KEY` na Laravel a yi masa a hankali: `php artisan key:generate` zai fitar da kowa, kuma duk bayanin da aka kulle da tsohon makulli ba zai buɗu da sabon ba. Daga Laravel 11 ana iya ajiye tsohon a `APP_PREVIOUS_KEYS` har a gama sake kulle bayanan da sabon, sannan a cire shi.